Daibasifikeshan: ni dai "raba ƙafa" na tsaya a kai

Salamu alaikum jama'a. Maganar nan da aka taso da ita kan wace kalmar Hausa za mu riƙa faɗa a madadin kalmar Turancin da masu harkar zuba jari ke cewa daibasifikeshan, na bi duk shawarwarin da aka kawo, kuma yanzu ina so in faɗi inda na tsaya da dalilina. Zaren zai ɗan yi tsawo, dan Allah a yi haƙuri a bi ni har ƙasa kafin a fara musu.

Mu fara yarda kan abin da kalmar take nufi tukuna, don na lura rabin gardamar tamu daga nan take. Ba wai kawai mutum ya sayi abubuwa da yawa ake nufi ba. Wanda ya fara zama ya yi wa abin lissafi shi ne Harry Markowitz, wani Ba'amurke, a wata maƙala da ya fitar a 1952, kuma a kan wannan aikin aka ba shi lambar Nobel ta tattalin arziki a 1990. Abin da ya nuna shi ne, in za ka haɗa jari kala-kala, kar ka tsaya kallon kowanne shi kaɗai kana cewa wannan yana da kyau wancan ma yana da kyau, ka duba yadda suke tafiya da juna, wato in wannan ya faɗi shin wancan ma binsa yake yi ko kuwa yana nan a tsaye. Duk kalmar da za mu ɗauka, in ba ta ɗauke da wannan ma'anar ta "kar su faɗi tare", to ba ta kai ba.

Da wannan ma'aunin, uku daga cikin waɗanda aka kawo sun fita tun a zagayen farko. Faɗaɗa jari, wannan ƙara girma ne, mutum zai iya faɗaɗa jarinsa ninki goma a cikin abu ɗaya tak. Baza jari kuma a kunnen Bahaushe watsarwa ne, babu tsari babu lissafi. Bambanta jari ta ɗan matso amma bambantawa a wajenmu gane cewa wannan ba wancan ba ne, aikin ido ne ba aikin aljihu ba.

Wadda ta ba ni wahala ita ce rarraba jari, kuma ita mafi yawanku kuka zaɓa, na san dalili, tana da sauƙi kuma kowa zai gane. Malam da ya kawo ta, Allah ya ƙara sani, ban ce kuskure ba ce. Amma ga matsalata da ita. A ce mutum a farkon shekarar 2000 ya ɗauki kuɗinsa ya kasa goma, ya sayi hannun jarin kamfanonin intanet guda goma a Amurka. Ya rarraba? Ƙwarai ya rarraba, ba wanda zai ce masa bai rarraba ba. To amma daga Maris ɗin 2000 zuwa Oktoban 2002 ma'aunin kasuwar Nasdaq, inda irin waɗannan kamfanoni suka fi yawa, ya zube da kusan kashi 78 cikin 100, wasu kamfanonin ma gaba ɗaya suka ɓace. Goman nan nasa sunansu ne kawai goma, iska ɗaya ce take kaɗa su. Kun ga kenan rarraba tana faɗin abin da hannu ya yi amma ba ta faɗin ko buƙata ta biya, kuma tsorona shi ne sabon shiga ya ji kalmar ya ɗauka da zarar ya ƙirga abubuwa biyar ko goma shikenan ya tsira. Ga kuma wata ƙaramar matsala, in ka ce "gwamnati ta rarraba jari" ko "ya rarraba jari" ba tare da ƙarin bayani ba, da yawa za su ɗauka raba wa mutane jari aka yi.

Shi ya sa nake cewa mu ɗauki raba ƙafa. Ba ƙirƙirarta muka yi ba, tana bakin mutane tun fil azal, kuma ku saurari yadda ake faɗinta: "gara ka raba ƙafa, kar ka dogara da wancan shi kaɗai". Duk wanda ya ji wannan ya san ana nufin ka sa ɗaya nan ɗaya can domin in nan ya rufta can ya riƙe ka. Dalilin yana cikin kalmar, ba sai an yi mata sharhi ba. Kuma wanda ya buɗe ƙafafunsa amma duka biyun a kan katako ɗaya suke, ko yaro ya san in katakon ya karye tare za su tafi, wato kalmar da kanta tana tilasta maka ka tambaya shin wurin da na sa ta biyun daban yake da na farkon? Wannan tambayar kuwa ita ce gaba ɗaya abin da Markowitz ya zauna yana yi wa lissafi.

Ku gwada ta da labarin Enron. Kamfanin makamashi ne a Amurka, hannun jarinsa ya kai wajen dala 90 a 2000, kafin ƙarshen 2001 ya koma ƙasa da dala 1, kamfanin ya durƙushe a Disambar shekarar. Abin tausayin shi ne ma'aikatansa, fiye da rabin kuɗin da ke cikin asusun ajiyarsu na ritaya hannun jarin Enron ɗin ne. Albashi daga can, ajiyar tsufa a can. Rana ɗaya aiki ya tafi, ajiya ta bi shi. Yanzu in kana ba wani wannan labarin da Hausa me za ka ce? "Ba su raba ƙafa ba." Magana ta ƙare, ya gane, har ma ya gane abin da littattafai da yawa ke mantawa, cewa aikin da kake ci da shi ma ƙafa ce, in a banki kake aiki to cika jarinka da hannun jarin bankuna ƙara nauyi ne a gefe ɗaya.

Na ga ƙorafin da 'yar'uwarmu ta kawo, kuma ƙorafi ne mai ƙarfi, cewa raba ƙafa tana da wari, ana faɗinta ga ɗan siyasar da yake nan yake can, ko saurayin da yake neman biyu a ɓoye. Hajiya gaskiyarki, haka ne. Amma mu duba me ya sa take zama aibi a can. Aibi ce saboda akwai amana tsakanin mutum da mutum, ka ce kana tare da ni alhali kana tare da wani. Hannun jarin kamfani bai ɗauki alkawarin komai da kai ba, kai ma ba ka yi masa rantsuwa ba, babu amanar da za a ci. Hasali ma ɗaya daga cikin cututtukan masu zuba jari shi ne wannan biyayyar, mutum ya ƙaunaci kamfani ɗaya saboda ya taɓa ba shi riba, ya ƙi sakinsa har su nutse tare. To ni wannan ɗan warin ma ina ganin yana da amfani, yana tuna maka cewa a nan ba a son ka ba da zuciya ɗaya. Kuma da zarar ka ce "raba ƙafa a jari" ba mai tunanin siyasa ko soyayya.

Wani kuma ya ce ai ƙafa biyu ce da mutum, jari kuwa ana son ya kai wuri ashirin ko ɗari. To ai karin magana ba a yi mata ƙidaya, in mun ce wane yana da hannu da yawa ba wanda yake zuwa ya ƙirga. Kuma rabon ma hawa-hawa ne. Akwai tsakanin kamfani da kamfani, akwai tsakanin sana'a da sana'a, akwai tsakanin nau'in dukiya, wato hannun jari da takardun lamuni ko sukuk ga mai gudun kuɗin ruwa, da zinare da gidaje da tsabar kuɗi a ajiye, sannan akwai tsakanin ƙasa da ƙasa wanda shi aka fi sakaci da shi don kowa kasuwar gidansu ya fi sani. Japan ta ishe mu misali, ma'aunin kasuwar hannun jarinta, Nikkei, ya kai ƙololuwa a ƙarshen Disambar 1989, kusan 39,000, bai sake taka wannan matakin ba sai Fabrairun 2024. Shekara 34. Wanda ya sayi kamfanoni ɗari amma duk na Japan a wancan lokacin ya rarraba iya rarrabawa, sai dai a ƙasa ɗaya yake tsaye.

Abin da ya ƙara sa na kafe a kanta shi ne tana haihuwa. Akwai abin da masu harkar ke yi lokaci-lokaci, in wani ɓangare ya kumbura ya wuce kason da aka yanka masa sai a rage shi a ƙara wa wanda ya rame. In mun karɓi raba ƙafa, sunan wannan ya zo da kansa: gyara tsayuwa. Bari in nuna da lissafi, misali ne kawai na ƙirƙira don a gani. Jari biyu, na farko ya hau kashi 30 a shekarar farko ya sauka kashi 10 a ta biyu, na biyun kuma akasin haka, ya sauka 10 sannan ya hau 30. Kowanne ka riƙe shi kaɗai, 100 ɗinka za ta zama 117 bayan shekara biyu, amma da faɗuwar gaba a tsakani. In ka sa 50 nan 50 can, ƙarshen shekarar farko kana da 65 da 45, jimla 110. Ka bar su haka, ka ƙare da 117 ɗin dai. Amma in ka gyara tsayuwa ka mayar da su 55 da 55, na farko ya koma 49.5, na biyu ya zama 71.5, ka tashi da 121. A kasuwar gaske abin ba ya zuwa daidai haka, kuma akwai kuɗin dillali da haraji da za su ɗan ci wani abu, amma kun ga yadda kalmomin biyu suka zauna a jimla ba tare da an ja su da ƙarfi ba.

Tunda muna kai, abin da Turawa ke kira riski ma a harkar jari ina roƙon mu riƙa cewa kasada, mu bar wa haɗari aikinsa. Haɗari faɗo maka yake yi, kasada kai kake ɗauka da saninka don kana hangen wani abu a gaba, kuma ana iya auna ta a ce wannan ta yi yawa wannan daidai ce. Da ita za mu iya faɗin iyakar raba ƙafa, don tana da iyaka kuma dole a gaya wa mutane. Kasada iri biyu ce, akwai kasadar kamfani, shugabanni su yi almundahana ko kayansu su daina karɓuwa, wannan raba ƙafa tana kusan kashe ta. Akwai kuma kasadar kasuwa wadda ke taɓa kowa, wannan sai dai a rage mata kaifi. A 2008, shekarar da bankin Lehman Brothers ya rushe, ma'aunin S&P 500 mai manyan kamfanonin Amurka 500 ya yi asarar kusan kashi 37, duk da yawansu, amma takardun lamunin gwamnatin Amurka sun hau, wanda ya haɗa biyun ya sha da sauƙi. Sai ga 2022, farashi ya yi ta hauhawa, babban bankin Amurka ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa, hannun jari ya sauka wajen kashi 18, takardun lamuni ma suka sauka wajen kashi 13, abubuwan da aka saba ganin ɗaya na tallafar ɗaya suka faɗi tare. Don haka duk mai koyarwa da ya ce wa mutane raba ƙafa tana hana asara wallahi ya cuce su. Kuma tana da farashinta, wanda ya raba ba zai taɓa samun ribar wanda ya zuba komai a abu ɗaya kuma ya dace ba, ya sayar da wannan damar ne ya sayi kwanciyar hankali.

A gefe guda, abin da jari ke dawowa da shi ban so mu riƙa ce masa riba kai tsaye, don wani lokacin asara ce ke dawowa. Sakamakon jari ya fi, sai a ce sakamakon bana riba ne ko faɗuwa. Wannan ba sai mun daɗe a kai ba.

To ga yadda nake gwada kowace sabuwar kalma, in sa ta a bakin mutum in ji ko za ta zauna. "Ka raba ƙafa kuwa, ko duk a wuri ɗaya ka zuba?" "Jarinta a rabe yake, hannun jari kashi 60, sukuk 30, zinare 10, duk ƙarshen shekara take gyara tsayuwa." "Kasadar ta yi maka yawa a shekarunka, ƙara raba ƙafa." Ni dai duk sun zauna mini. A rubutun jarida ko na makaranta in ana son cikakken suna sai a ce raba ƙafa a jari, a hira kuma raba ƙafa kawai ta wadatar.

Wadda ta rage mana ita ce fotfoliyo, wato tarin duk abin da mutum ya zuba kuɗinsa a ciki. An kawo kundin jari, an kawo jakar jari, an kawo taskar jari. Ni na fi karkata ga kundin jari don kundi yana tara abubuwa daban-daban a wuri ɗaya kuma ana buɗe shi a duba, taska kuwa ajiya ce da ba ta motsi. Wanda yake ganin jaka ko taska ta fi, dan Allah ya kawo ta a cikin jimla guda biyu ko uku kamar yadda na yi a sama, mu ji yadda take a baki sai mu yanke.