Tsoro na hana ni barci in maigida ya kama hanyar Kusiri, rashin bangaskiya ne?

Maman Biyu, Marwa:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukan kaya daga Marwa zuwa Kusiri a nan arewacin Kamaru, kun dai san hanyar nan ta Mora da Waza har Dabanga, ga ramuka ga tsoron 'yan Boko Haram ga wuraren da waya bata shiga sam. Da zaran ya tafi shikenan barci ya ƙaurace min, gabana sai faɗuwa yake, ko abinci bana iya ci sosai. Ina addu'a, ina karanta Matiyu 6 inda Yesu yace kar mu damu da gobe, amma da na rufe Littafi tunanin ya dawo. Wata uwa a zumuntar mata tace min ai rashin bangaskiya ne, maganar ta tsaya min a rai. Da gaske zunubi nake yi? Ku taimake ni.

Dattijon Garwa:
Ɗiyata, sannu. Waccan uwar nufinta alheri ne amma ta yi saurin yanke hukunci. Buɗe 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel da idonsa, sarauniya Yezebel na aiko masa da barazana ya gudu jeji har ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. To me Ubangiji yayi? Bai tsawata masa ba, ya barshi yayi barci, mala'ika ya tashe shi ya bashi abinci da ruwa har sau biyu, sai daga baya aka yi magana. Shi kansa Yesu a Getsamani yace ransa na baƙin ciki matuƙa, kuma ya nemi Bitrus da Yakubu da Yahaya su zauna kusa dashi. Wanda bashi da zunubi kenan fa. Abinda 1 Bitrus 5:7 ke cewa shine ki zuba masa damuwarki domin yana kula dake, ba'a ce sau ɗaya tak ba. In ta dawo tsakar dare ki sake miƙa masa, baya gajiya.

Mama daga Minawao:
'Yar'uwa na san wannan faɗuwar gaba. Mu da muka gudo daga wajen Gwoza a 2014 muka zauna a sansanin 'yan gudun hijira na nan Minawao, akwai lokacin da ko ƙarar babur naji sai jikina ya hau rawa, addu'a ma bata fitowa a bakina, sai dai hawaye. Abinda ya taimake ni shine daina zama ni kaɗai da dare, mukan taru mu mata a ɗakin ɗaya daga cikinmu muyi waƙa, wata ta karanta Zabura 4:8 ko 121, wata tayi addu'a a madadin wadda ta kasa. Filibiyawa 4:6 tace a kai roƙo tare da godiya, to mukan ambaci abubuwan da Allah yayi mana a ranar, ko da ruwan sha ne muka samu. Tsoron bai tafi lokaci guda ba, gaskiya har yanzu yakan leƙo, amma baya danne ni kamar da. Ki samu mace ɗaya mai riƙon sirri ta riƙa kwana wajenki ranar da ya tafi.

Ma'aikacin jinya, Mokolo:
Maman Biyu, duk abinda Baba da Mama suka faɗa na yarda. Ƙari na kawai, ki je asibiti a auna jininki, rashin barci da bugun zuciya in sun daɗe kan zo tare da hawan jini. Ki rage shayi mai ƙarfi da yamma, kuma don Allah kar ki sayi ƙwayar barci wajen masu tallan magani a kasuwa. Zuwa wajen likita baya rage bangaskiya, Luka marubucin bishara ma likita ne.

Maman Biyu, Marwa:
Na gode Baba, na gode Mama, Allah ya saka. Na yi magana da ƙanwar maigida tace zata riƙa zuwa kwana, asibiti kuma zan je ranar Litinin. Jibi zai sake tafiya, ku sa shi a addu'a shi da yaron motarsa.