Jarumi mai kafiya da ba ya ja da baya: ta yaya za a bambanta shi da azzalumi?

Bintu Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. A littattafan da ake sakewa a WhatsApp da Wattpad, duk jarumin da aka so a nuna yana da zafi sai ya fito ɗayan biyu: ko miskili mai kuɗi da ba ya amsa gaisuwa, ko masifaffe mai saurin ɗaga hannu. Amma akwai hali na uku, mutumin da ba ya tsoron fito-na-fito, ba ya yarda a juya shi, kuma masu rauni suna fakewa a bayansa. Mene ne tushen wannan hali? A jikin wane tauraron labari ya fi fitowa? Kuma yaya ake rubuta shi ba tare da ya zama mugu ba?

Malam Na-Zazzau:
Wa alaikumus salam, Malama Bintu. Masu rarraba halayen ɗan Adam suna da tsarin da suke kira Eniyagiram, mai gida tara. Oscar Ichazo ɗan ƙasar Bolibiya ne ya shimfiɗa shi, likitan ƙwaƙwalwa Claudio Naranjo ɗan Chile ya yaɗa shi a Amurka a farkon shekarun 1970. Abin da kika siffanta shi ne gida na 8. Kada ki ɗauki tsarin a matsayin awon asibiti, hujjarsa a wurin masu bincike ba ta da ƙarfi, amma ga marubuci yana da amfani, don yana tambayar abin da mutum yake tsoro.

Gida na 8, na 9 da na 1 duk fushi ne ya haɗa su. Na 9 yana danne shi har ya manta da shi, na 1 yana mayar da shi ƙa'ida da gyara wa mutane zama, na 8 kuwa yana fitar da shi nan take. Tsoronsa ɗaya ne: kada wuyansa ya shiga hannun wani. Shi ya sa yake ɓoye tausayinsa, don a ganinsa duk wanda ya san inda yake da laushi ya sami igiyar ja.

Ki duba Okonkwo a littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, na 1958. Yana ɗan shekara 18 ya ka da gwanin kokawar da ya yi shekara 7 ba a kai bayansa ƙasa ba. Ubansa Unoka malalaci ne, ya mutu da bashi, shi kuma ya ƙi duk abin da uban yake so. Wani yaro, Ikemefuna, da aka karɓo daga wani gari a matsayin diyya, ya yi shekara 3 a gidan Okonkwo yana kiransa baba. Da mutanen gari suka yanke shawarar kashe yaron, dattijo Ezeudu ya zo takanas ya ce wa Okonkwo kada ya sa hannu a kisan, amma Okonkwo ya sare yaron don kada a ce ya ji tsoro. Bayan haka kwana 2 bai ci abinci ba. To ga mutumin nan dai, da zazzaɓi ya kama 'yarsa Ezinma cikin dare, shi ya ɗauki adda ya shiga daji neman ganye da sassaƙe.

Hajiya Umma Sakkwato:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban bi ka gaba ɗaya ba a kan Okonkwo. Shi idon jama'a ne yake tuƙa shi, yana neman muƙamai, yana jin ciwon abin da za a ce. Ainihin ɗan gida na 8 da an ce masa "za a ce kai matsoraci ne" sai ya ce a faɗa, ya koma gida da yaronsa. Okonkwo yana da zafin, amma rabin zuciyarsa neman suna ne.

'Yata Bintu, wanda ya fi fitowa tas shi ne Vijay a fim ɗin Indiya Deewaar na 1975, wanda Amitabh Bachchan ya hau. Yana yaro yana goge takalma, aka jefa masa kuɗi a ƙasa, ya ƙi ɗauka sai an miƙa masa a hannu. Ga yunwa, ga uwa tana ɗaukar bulo a wurin gini, amma ba zai sunkuya ba. Da ya girma yana dako a tashar jiragen ruwa, 'yan daba suna karɓar kuɗi daga leburori duk mako. Da hakan ya jawo mutuwar wani lebura, sai ya ƙi biya, ya bi su har rumbun ajiyar da suke, ya kulle ƙofa da kansa, ya yi musu duka. Ki lura, faɗan nasa sama yake kallo, wajen waɗanda suka fi shi yawa da ƙarfi.

Ki sa Gabbar, shugaban 'yan fashi a fim ɗin Sholay, a gefensa, shi ma 1975. Yaransa 3 sun dawo hannu rabbana, ya yi wasa da ransu, ya harbe su. Wannan faɗansa ƙasa yake kallo, kuma yana jin daɗin tsoron da ake yi masa. A nan bambancin yake. Kuma Vijay ba waliyyi ba ne: kafiyar nan ita ta kai shi fasa-ƙwauri, ta raba shi da uwarsa da ƙaninsa ɗan sanda.

Yaya Sani Mai Gyaran Rubutu:
Ƙanwata, ga yadda za ki bi a aikace. Kafin babi na farko ki amsa wa kanki tambaya ɗaya: wane ne ya taɓa riƙe shi a hannu ya wulaƙanta shi? Kawun da ya ci gadonsu, maigidan da ya riƙe masa albashi, ko ma wane ne. Kada ki zuba labarin a shafin farko. Ki bari mai karatu ya ga tabon sau 2 ko 3 kafin ya ji yadda aka yi raunin.

Faɗansa na farko ya zama a kan wani ne, ba a kan kansa ba, kuma ya jawo masa asara: aiki, ko ciniki, ko yardar surukai. In bai rasa komai ba, mai karatu zai ɗauka burga ce.

Maganarsa gajera ce, ba habaici, ba zagaye-zagaye. Ba ya cewa "da za ka taimaka", cewa yake "kawo". Ba ya iya cewa "yi haƙuri", sai dai a wayi gari an ga ya biya kuɗin maganin wanda ya yi wa tsawa jiya. Yana kuma gwada mutane: zai matsa maka da gangan, in ka tsaya ka faɗa masa gaskiya a fuska sai ka ƙara daraja a idonsa, in ka yi masa daɗin baki ka faɗi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa shi ihu a kowane shafi. Zuwa babi na 5 tsawar ta zama kukan kurciya a kunnen mai karatu, ba ta girgiza kowa. Na biyu, a haɗa shi da miskili. Miskili janyewa yake, wannan kuwa tunkara yake. Ba ya shiru sai abu ya fi ƙarfinsa, a lokacin ne zai kulle kansa, ya daina shawara da kowa, ya fara zargin na kusa da shi. Ki ajiye wannan shirun don tsakiyar littafi, ya fi duk ihunsa ban tsoro.

Bintu Mai Alƙalami:
Na gode ƙwarai. In mace ce fa? Ina tsoron a ce mata fitsararriya.

Hajiya Umma Sakkwato:
Za a ce, kuma ki bari wasu a cikin labarin su faɗa, don haka ake yi wa irinta. Fitsara raina na gaba ce ba dalili. Taki za ta durƙusa ta gaida surukarta yadda ya kamata, sannan ta ce ba za a cire 'yar mijinta daga makaranta ba, ta maimaita ba tare da ta ɗaga murya ba. Abin da ba na so ki yi shi ne ki kawo namiji a ƙarshe ya "gyara" ta har ta koma ba ta da baki. Ki ba ta mutum ɗaya da za ta yi kuka a gabansa, sau ɗaya, kusa da ƙarshe, kuma washegari ta tashi da kafiyarta.