Neman kalma: me za mu kira damselfly?

Maman Ilham: Salamu alaikum malamai. Ina fassara wani shiri da za a ɗora wa murya jibi da safe, kan kallon ƙwari a bayan gida da bakin kududdufi. Butterfly ba matsala, malam-buɗe-littafi. Dragonfly na sa mazari. Inda na maƙale shi ne damselfly, kuma kusan rabin shirin a kan yadda za a bambanta shi da mazari ne, don haka ba dama in haɗa su a suna ɗaya in wuce. A taimaka, don Allah.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ƙaramin mazari. Magana ta ƙare.

Malamar Kimiyya: Ba ta ƙare ba, Baban Sadik. In ka ce ƙaramin mazari, yaro zai ɗauka jariri ne da zai girma ya zama mazari, alhali dangi biyu ne a cikin rukuni ɗaya, Odonata, sunan da Fabricius ya raɗa a 1793. Ƙanƙantar ma ba doka ba ce. Wanda ya fi kowa faɗin fuffuke a cikin masu rai na wannan rukuni damselfly ne, Megaloprepus na dazukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, yakan kai santimita 19. Abin da mai kallo zai lura da shi dai: mazari in ya sauka fukafukansa a shimfiɗe suke, kuma manyan idanunsa galibi sun haɗe a tsakiyar kai. Damselfly kuwa siriri ne kamar tsinke, idanu a rabe, ɗaya nan ɗaya can, in ya sauka sai ya naɗe fukafukai bisa bayansa. Tashinsa ma a sanyaye yake, a cikin ciyawar bakin ruwa, ba ya keta sarari yadda mazari ke yi.

Mai Azanci: To ai kin gama mana aikin, Malama. Malam-rufe-littafi! Wancan ya buɗe, wannan ya rufe. Ga shi a kan ma'aunin da muka gada, irin su faɗa-wuta da faɗi-ka-mutu da ɓata-gari. Yaro ya ji sau ɗaya ya haddace.

Baban Sadik: Wallahi ya yi daɗi a baki.

Malamar Kimiyya: Daɗin ne matsalarsa. Na farko, shi kansa malam-buɗe-littafi in ya sauka a kan fure rufe littafin yake yi, ya tsayar da fukafukai sama, sannan ya buɗe ya rufe. Na biyu, sunan zai sa a zaci 'yan gida ɗaya ne, kuma nesa suke da juna ƙwarai. Malam-buɗe-littafi daga ƙwai sai tsutsa mai cin ganye, sai ta kwanta a cikin ɓawo, sai ya fito yana tsotsar ruwan fure. Damselfly ba ya da wannan kwanciyar, a cikin ruwa yake girma, kuma mafarauci ne tun yana ƙarami har ya mutu.

Mai Azanci: Jirgi mai saukar ungulu ma ba ɗan gidan ungulu ba ne, kuma babu wanda ya taɓa rikicewa.

Hajiya Uwani: Ku fassara yadda yake mana. Damsel budurwa ce, Faransawa ma demoiselle suke cewa. Budurwar mazari.

Maman Ilham: Hajiya, na gwada shi, sai ga wata jimla ta hana. Akwai wurin da ake bayanin barbara: namiji yana riƙe mace a bayan kai da wasu maɗamka da ke ƙarshen wutsiyarsa, su tashi a haɗe, wani lokaci har ta gama saka ƙwai a jikin ciyawar ruwa bai sake ta ba. Sai na ga na rubuta "namijin budurwar mazari ya riƙe macen budurwar mazari". Mai ɗora murya ba zai iya karanta wannan bai fashe da dariya ba.

Hajiya Uwani: Na janye, 'yata. Namijin budurwa kam ya yi yawa.

Ɗalibi: Ni fa a ganina a ara kawai. Damsalfilai. Mun ari kwamfuta, mun ari intanet, ba abin da ya ci mu.

Kawu: Abin da nake jira ke nan. Kwamfuta kawo mana ita aka yi a kwali. Wannan ƙwaro kuwa yana bakin ruwa tun kafin a haifi kakan wanda ya raɗa masa sunan Turanci. A ce abin da yaro ke bi da gudu sai mun je Ingila mun aro masa suna? Damsalfilai! Sai ka ce sunan maganin tari. Shekaru muka yi a gaban makirfo, in kalma ta gagara mukan kwana a kanta, ba mu taɓa miƙa wuya da wuri haka ba. Yanzu da an ga kalmar da ba a sani ba sai a saka mata wasali a ce an yi Hausa.

Ɗalibi: Allah ya huci zuciyar Kawu. Amma makirfo ɗin da ka ambata fa?

Kawu: Kada ka maida ni abokin wasanka, yaro.

Alaramma: In dai aro za a yi, gara a ara daga inda aka saba. Larabawa na ce wa mazari ya'asub. A bar wa babban mazari, a ba siririn ya'asubu.

Mai Azanci: Allah ya gafarta Malam, wato mu ɗauko sunan mazari na Larabci mu maƙala wa wanda ba mazari ba? Duk ɗalibin da ya duba ƙamus zai kama mu. Kuma me ya sa in an aro daga Larabci sai a ce ilimi ne, in an aro daga Turanci a ce lalaci ne, in kuma mutum ya ƙera tasa da Hausa tsantsa a ce wasa yake? Malam-rufe-littafi ba ta da laifi sai don ba ta zo da rawani ko kwat ba.

Alaramma: Littafin da ke cikin kalmar taka ma daga Larabci yake, Malam. Malamin ma haka.

Kawu: Wannan tsohon aro ne, ya riga ya zama ɗan gida. Kuma tunda an taɓo, Maman Ilham, me kika sa wa late summer? Kada ki ce min ƙarshen bazara. Na san 'yan jarida sun mai da bazara ta zama summer, amma bazara zafin da ke gaban damina ce, lokacin da kududdufi ya ƙafe ƙaf. Mai sauraro zai ce ina ruwan yake?

Maman Ilham: Na kauce masa, Kawu. Na ce daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba, lokacin da zafin Turai ya fara ja da baya. Don Allah mu koma kan ƙwaron, lokaci na tafiya.

Malamar Kimiyya: Siririn mazari. Alaramma ma da kansa ya ce "siririn" ɗazu bai lura ba, kuma kowa ya gane wanda yake nufi. Yana nuna dangantaka, ba ya nuna shekaru, ba ya nuna jinsi, jam'insa siraran mazarai. Na so in ce mazari mai naɗe fuffuke, amma akwai dangin Lestidae da ke sauka da fukafukai rabi a buɗe, sai sunan ya ƙaryata kansa. Wannan ma wani ciwo ne ga rufe-littafi, Mai Azanci.

Kawu: Mazari dama siriri ne. Wa ya taɓa ganin mazarin kaɗi mai tumbi? Siririn mazari kamar a ce ruwa mai jiƙa ne. Sifa ce kawai, ba suna ba.

Malamar Kimiyya: Kawu, ka ajiye su biyu a kan kara ɗaya ka gani. Ko ka kawo wadda ta fi.

Kawu: Akwai sunansa a bakin tsofaffi, tambaya ce ba a yi ba. Kafin a samo, a yi amfani da taku. Ban ce na yarda ba.

Maman Ilham: Na gode. Siririn mazari zan sa, kuma a karon farko zan ƙara da cewa shi ne mai naɗe fukafukai in ya sauka. Saura nymph, wato yadda suke kafin su fito daga ruwa. Na sa tsutsa.

Malamar Kimiyya: Cire tsutsa, ƙanwata. Ƙafafu 6 gare shi da idanu, da wani leɓe da yake cillawa gaba ya cafko tsutsar sauro ko talibambam, manyan har 'yan kifi suna ci. Yakan yi watanni a ruwa, wasu har shekaru. Nan ma akwai bambanci: na siririn mazari yana da wasu abubuwa 3 masu siffar ganye a wutsiya da yake numfashi da su, na mazari kuwa ta dubura yake zuƙar ruwa, in ya tsorata ya feso shi ya yi gaba. In lokaci ya yi sai ya hau kara, bayansa ya tsage, babban ya fito ya bar fatar a maƙale. Ita fatar ki ce saɓa.

Kawu: Saɓa kam daidai ne. Ga Hausa nan.

Baban Sadik: Shi kuma nymph ɗin, ɗan mazari.

Hajiya Uwani: To na ɗayan fa? Ɗan siririn mazari? Za a ji kamar mazari ne ɗan siriri.

Maman Ilham: Zan ce "ɗan da ke cikin ruwa" a wuraren da hoto ya nuna shi, sauran in ga yadda jimla ta ba da. In wani ya samo wadda ta fi kafin gobe da daddare, ina nan.

Mai Azanci: Ki sa siririn mazarinki, Maman Ilham, shirinki ne. Ni dai a ajina ranar Litinin malam-rufe-littafi zan rubuta a allo.