Abin da aka tsayar kan ban ruwan ɗigo a tukwane

Masu shuka tumatir da tattasai a bokiti da buhu a Unguwar Rimi sun zauna kan damuwa guda a ban ruwan ɗigo, wato shayar da shuka ɗigo-ɗigo ta tiyo daga tanki: tukunyar da ke kusa da tanki ta jiƙe sharkaf, ta can ƙarshe kuwa ƙasarta ta bushe ƙayau.

Yawancinsu sun ce tiyo ne matsalar. A shimfiɗa babba mai faɗin milimita 16, a zagayo da shi ya haɗe kamar zobe, sannan a yanka ƙananan masu faɗin milimita 4, waɗanda ke kai ruwa kowace tukunya, tsayi ɗaya. Tukwanen ma su zauna daidai, don ruwa gangare yake bi. Babban bokiti a ba shi baki biyu, wato wurin ɗigar ruwa biyu.

Shawarar da ta fi burge ni ba ta cin ko sisi: a tara gwangwanin madara ƙarƙashin kowane baki na minti 10, a gwada abin da ya taru. Bakin da ya gaza, mai yiwuwa laka ce ta toshe shi, shi ya sa ruwan rijiya ke son a tace shi.

An yi gardama kan lokaci. Wasu sun ce da safe kawai, amma a zafin Maris da Afrilu sai an ƙara da yamma.