Ɗan da nake reno ya fara cizon yara, ya zan yi?

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana mata. A Samaru nake, nan Zariya. Ina renon yara 6 a gidana, yawancinsu 'ya'yan ma'aikatan jami'a, daga bakwai da rabi na safe zuwa la'asar. Da safe muna waƙar alif, ba, ta, daga nan in shimfiɗa musu tabarma a inuwa su yi wasa da kofunan roba.

Akwai wani ɗan shekara 2, bakinsa bai gama buɗewa ba, ya tsiro da cizo. Ranar Talata na shiga madafi in ɗumama faten doka, ko minti uku ban yi ba sai ihu. Ya gartsa wa wata yarinya cizo a damtse saboda kofi ɗaya, shatin haƙoransa raɗau. Allah Ya taimaka fatar ba ta fashe ba, na wanke da ruwa da sabulu. Da uwarta ta zo ɗauka, wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na lura kusan kullum gab da azahar yake yi, lokacin yunwa da barci sun taso. Na matso da abincinsa gaba, ya ɗan ragu, jiya kuma ya sake. Maƙwabciyata ta ce in cije shi kaɗan ya ji yadda ake ji. Ni kam ɗan amana ne, ba zan iya ba. Uwarsa kuwa dariya take, wai ƙuruciya ce.

Don Allah wadda ta taɓa fama da irin wannan, me kika yi ya daina? Kuma ya zan sa uwar ta ɗauki abin da muhimmanci ba tare da mun ɓata ba?