Na danna sabuntawa, shagona ya zama farin allo

Maman Ilham: Salamu alaikum. Shagona na turaren wuta a WordPress yake (manhajar gina shafin intanet), da WooCommerce mai karɓar oda. Jiya na sabunta fulogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi) guda huɗu lokaci ɗaya, yanzu sai farin shafi da rubutun wai an samu babbar matsala, ko wajen shiga ba ya buɗewa. Kwafin ajiyata na makon jiya ne, in na mayar da shi odar mutane za ta ɓace. Yaron da ya gina min ya ce dubu 40. In biya ko in mayar da kwafin?

Ɗan Kurmi: Hajiya ki mayar da kwafin ajiya kawai.

Maman Ilham: Malam, odar fa na ce.

Injiniya_Zariya: Kar ki mayar. Duba imel ɗinki har cikin tarkacen saƙonni. Tun WordPress 5.2 a 2019 yana turo hanyar shiga ta gaggawa, da sunan fulogin ɗin da ya jawo. In babu, shiga cPanel (wajen sarrafa fayilolin shafinki), File Manager, wp-content, plugins, ki canza sunan folda ɗaya bayan ɗaya cikin huɗun. Wadda shafin ya dawo a kanta, ita ce.

Baban Sadik: Dubu 40? Dubu 5 aka yi min.

Ummi Kayan Kicin: Ni 25, kuma ya koma lalacewa.

Alhaji Na Maradi: Ku gode Allah. Nawa yaron fulogin ɗin sata ya zuba min, waɗanda ake cire wa lasisi. Da hostin, wato kamfanin da ke ajiye shafin, suka ɗaga PHP (yaren kwamfutar da WordPress ke aiki da shi) daga 7.4 zuwa 8 komai ya rushe, ba halin sabuntawa. Na neme shi, waya a kashe. Ashe sunan shafin ma da imel ɗinsa ya yi rajista. Na biya kuɗina, na zama ɗan haya a gidana. Har wajen mahaifinsa na je.

Ɗan Kurmi: Alhaji da ka sabunta mahaifin ma 😂

Alhaji Na Maradi: Yaro, ba abin dariya ba ne.

Baban Sadik: Ta koma 7.4 ta huta mana.

Injiniya_Zariya: An daina yi wa 7.4 gyaran tsaro tun Nuwamba 2022. Kuma ita ba PHP ta taɓa ba.

Baban Sadik: Kai dai da injiniyancin YouTube. Shafi nawa ka riƙe?

Injiniya_Zariya: Sun fi wanda aka gyara maka a dubu 5.

Maman Ilham: Imel ɗin yaron ne a kan shafin ashe. Lambar sirrin cPanel ma tana hannunsa.

Alhaji Na Maradi: To kin gani. Tambaye shi sunan wa ke kan rajista kafin ki ba shi sisi.

Ummi Kayan Kicin: Ni kuɗin sabunta rajistar ma ke damuna, kowace shekara sai ya ƙaru wai dala ce. Ku nawa kuke biya?