Asarar takarda a rahoton kamfanonin BDC: yaushe ya kamata a damu?

Mai buɗe zance, unguwar Nima, Accra:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa da ke sayen hannun jarin BDC (Business Development Company) daga nan Accra suna firgita duk lokacin da rahoton wata uku ya nuna asara a layin kwangilolin kariya, wato waɗanda kamfani ke ƙullawa don kare kansa daga sauyin kuɗin ruwa ko farashin canji. Kamfanonin nan na Amurka ne, dokar 1980 ta samar da su, aikinsu ba matsakaitan kamfanoni bashi, irin su Ares Capital. Masu aikin lissafi, a warware mana.

Akanta, Maamobi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada a karanta layin nan shi kaɗai. Yawancin bashin da BDC ke bayarwa ruwansa na bin SOFR, ma'aunin kuɗin ruwan dala a Amurka, yana hawa yana sauka, amma takardun bashin da shi kamfanin ya sayar ruwansu a tsaye yake. Don su daidaita, sai ya yi musayar kuɗin ruwa da banki: ya karɓi tsayayye, ya biya mai motsi. A ce musayar ta dala miliyan 100 ce, saura shekara 5. Ruwa ya tashi da kashi 1 cikin ɗari, darajarta za ta faɗi da wajen dala miliyan 4 da rabi. Ba a fitar da ko sisi don rufe ta ba, kimantawa ce kawai a farashin ranar. In an riƙe ta har wa'adinta, darajar tana komawa sifili.

Mai binciken asusu, Aboabo, Kumasi:
Haka ne yayana, sai dai a duba ko an ɗaure musayar da bashin a ƙarƙashin ASC 815, ƙa'idar lissafin Amurka kan kwangilolin kariya. In an ɗaure, darajar takardun bashin ma tana sauka, ɗan bambancin ya shiga kuɗin ruwan da aka kashe. In ba a ɗaure ba, asarar tana cin darajar kadarar kowane hannun jari kai tsaye, duk da ba ta taɓa ribar da ake rabawa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kwangilar sayar da kuɗin waje a gaba. An ba da bashin yuro miliyan 10, an kulle sayar da kowane yuro a dala 1.10. Yuro ya kai 1.15: kwangila ta yi asarar dala 500,000, bashin ya ƙaru da daidai hakan. Lafiya lau a takarda. Matsalar ita ce kwangilar kan ƙare cikin 'yan watanni, sai an biya tsabar kuɗi, ribar bashin kuma tana nan sai ranar da aka biya shi. In kuma wanda ya ci bashin ya jigata, aka rage kimar bashin zuwa kashi 80, ƙarin dala 400,000 ne kacal, kariyar ta fi abin da take karewa girma.

Hajiya, sashen baitulmalin banki, Accra:
Ni a ganina jingina ce abin dubawa na farko. Da zarar asarar takarda ta wuce iyakar da aka sa hannu a kai, bankin zai nemi a ajiye masa tsabar kuɗi. Kamfanin da dole ya raba kashi 90 na ribarsa da haraji ke hawa kanta ga masu hannun jari ba ya da tarin ajiya. Ku nemo bayanin kuɗin da aka jingina, ku gwada shi da layin rancen da bai taɓa ba. Ku duba ma'aunin kadara da bashi, wanda dokar 2018 ta ba da damar sauke shi daga kashi 200 zuwa 150.

Akanta, Maamobi:
Ƙari ɗaya, Hajiya. Kariyar nan dala take karewa, ba sidi, kuɗin Ghana, ba. Wanda ya canza sidi ya saya, faɗuwar sidi a 2022 ta kumbura masa riba, farfaɗowarsa a 2025 ta zaftare ta, kuma babu layin rahoton BDC da zai nuna masa wannan. Sai ya rubuta farashin canjin ranar da ya saya a nasa littafin.